Amsoshin Tambayoyinku: Nawa Ake Kashewa a Wata Idan Mota Ce Gida?

 Wasiƙu sun taru a gabana, ga na takarda ga saƙonnin waya, agogo kuma bai san uzuri ba. Mu kama aiki.

Yawancin abin da ya zo mana a wannan mako a kan abu guda yake, wato motocin nan na Amurka masu ɗaki a ciki da suke kira RV, da gado da kicin da banɗaki, mutum ya mai da ita gida yana zaga ƙasa. Bidiyoyinsu sun cika Facebook da TikTok, shi ya sa. Bari in fara da wasiƙar da ta fi tsaya mini a rai.

Wata Hajiya ce daga Kano. Ta ce ɗanta yana birnin Houston a jihar Texas, ya bugo mata waya ya ce zai saki gidan haya ya sayi irin wannan mota ya tare a ciki, wai ya huta da biyan haya. Tun ranar, in ji ta, barci ya ƙaurace mata. Tana tambaya ko da gaske an fi samun sauƙi, kuma nawa ake kashewa a wata.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba wani abu ne ya taɓa ɗanki ba. Amurkawa da yawa suna wannan rayuwa, tsofaffi 'yan fansho da matasa masu aiki ta intanet. Sana'a ce babba ma, don garin Elkhart na jihar Indiana da ƙera motocin nan yake ci, mafi yawansu daga yankin suke fitowa. Amma cewar da ya yi ya rabu da haya, wannan kam ban yarda ba. Haya tana nan daram, suna kawai ta sauya.

Dole motar ta sami wurin tsayawa. Akwai zanguna na 'yan kasuwa inda za a ba ka fili, a jona maka wuta da ruwan famfo da bututun zubar da ƙazanta. Kamfanin KOA kaɗai yana da ɗaruruwansu a Amurka da Kanada. Mu ɗauka dala 50 a dare, wanda ba abin mamaki ba ne a irin waɗannan wurare. Kwana 30 ya tashi dala 1,500. Hajiya, ai wannan kuɗin hayar gida ne sukutum a garuruwa da yawa na can. Wanda ya kama wuri na wata guda kai tsaye ana yi masa ragi mai kauri, sai dai a nan sukan sa masa mita ya biya wutarsa daban. In kuwa zafin Texas ya kankama, na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa dare da rana, bangon motar kuma ba kauri gare shi ba, don haka wuta za ta ci kuɗi.

Sai mai, kuma nan ne ake kuka. Manyan cikinsu, masu girman babbar bas, mil 6 zuwa 10 suke yi da galan guda. Galan ɗin Amurka lita 3.8 ne, ke nan mota mai yin mil 8 ba ta cika kilomita uku da rabi da lita ɗaya. Direbobinmu da ke saurare, na san kun riƙe baki. To, a ce mutum ya yi mil 1,000 a wata, galan 125 ke nan, in galan yana dala uku da rabi ya kashe kusan dala 440. Wanda ya yi mil 300 kacal, dala 130 ta ishe shi. Mota iri ɗaya, wata ɗaya, amma dubi tazarar. Shi ya sa waɗanda suka daɗe a harkar suke cewa tafiyar ce ke cin kuɗi, ba zaman ba. Sabon shiga zumuɗi ke ɗibarsa, yau Florida jibi Arizona, ya sha mai, ya kuma biya zango da farashin kwana-kwana, duka biyu a kansa. Tsohon hannu kuwa ya kafe wata ɗaya ko biyu a wuri guda kafin ya ɗaga.

Ban ma taɓo kuɗin motar kanta ba. Babba sabuwa dal takan haura dala 100,000. Ƙaramin ɗakin da ake ja a baya, na hannu, ana samu ƙasa da dala 20,000, amma sai kana da akori-kura mai ƙarfin jansa. Da yawa bashin banki suke ci, na shekara 15 har 20, da ruwa a kai, alhali mota daga ranar da ta bar wurin dillali darajarta faɗuwa take yi. Ni dai ra'ayina, in da bashi zai saya, ki ce masa ya haƙura.

Abin da ba a nunawa a bidiyo shi ne gyara. Gida ne da ake girgiza shi a kan titi kullum: rufi ya fara yoyo, firji ya tsaya, famfo ya saki. Masana taya sukan ce a sauya su bayan shekara biyar zuwa bakwai ko da ba su cinye ba, saboda rana tana busar da su, ga shi babbar mota shida take ɗauka ko fiye. Ranar da ta kwana a gareji kuwa, gidanka ne ya kwana a gareji, kai sai otal. Duk mai hankali a cikinsu yana ware kuɗin gyara kowane wata ya ajiye, ko an lalace ko ba a lalace ba. Inshorar wanda ya mai da mota gida ma daban ce, ta fi ta mai fita hutu tsada.

Bari in haɗa miki lissafi na misali, na mutum ɗaya mai takatsantsan. A ce zango na wata dala 700, wuta 100, mai 300, inshorar mota 150, ajiyar gyara 250, waya da intanet 150, gas ɗin girki da wanki 100, abinci 400. Ya kama dala 2,150, ba a sa biyan bashi ba, ba a sa inshorar lafiya ba. Wani zai kashe ƙasa da haka sosai, wani ya ninka. Ki ce wa ɗanki ya ɗora abin da yake kashewa yanzu kusa da wannan ya gani. Kafin ya sayar da ko cokali, ya ɗauki hayar irin motar na mako biyu, ya rubuta kowace dala da ta fita. In kuma tsohuwa zai saya don araha, ya sani akwai zangunan da ba sa karɓar motar da ta wuce shekara 10. Allah ya yi masa zaɓi mafi alheri, ke kuma ki yi barcinki.

Wani malami daga Damagaram a Jamhuriyar Nijar ya ce ya ji ana kwana kyauta a daji, gaskiya ne? Gaskiya ne, Malam, kuma na ji daɗin tambayar nan. A yammacin Amurka gwamnatin tarayya tana da filaye masu faɗin gaske a hannun wata hukuma da ake kira BLM, kuma a yawancinsu kana iya tsayawa ba ko sisi, amma kwana 14 ne, sannan ka tashi ka matsa. Akwai kuma wuraren da aka ware don dogon zama, mafi shahara shi ne na kusa da garin Quartzsite a hamadar Arizona. Daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu ake zama, kuma an yi shekaru da dama ana biyan dala 180 kuɗin takardar izinin watanni bakwai ɗin gaba ɗaya. Ɗan ƙaramin gari ne, amma da hunturu, musamman a Janairu, sai ka ga motoci iyakar ganinka. Da zafi ya ƙarato kowa ya naɗe ya nufi arewa ko kan tsaunuka, kamar yadda makiyayanmu ke bin yanayi da dabbobinsu.

Sai dai kyautar nan da aikinta take zuwa. Babu wuta, sai ka sayi sola da batir ko janareta. Ruwa sai abin da tankinka ya ɗauka, kana auna shi kofi-kofi. Tankin banɗaki in ya cika dole ka tuƙa zuwa inda ake juyewa, wani wurin ka biya. Wasu kuma sukan kwana a filin ajiye motoci na kantin Walmart, dare ɗaya, in manajan wurin ya yarda kuma dokar garin ba ta hana ba.

Malam, tun da ka kawo mu nan, akwai abin da nake son masu sauraro su sani. Ba kowa da ke cikin hamadar nan ne ya fito shan iska ba. Bayan rikicin tattalin arziki na 2008 mutane da yawa sun rasa gidaje da ayyuka, wasu tsofaffi suka ga fanshonsu ba zai biya haya ba, suka koma cikin ƙananan motoci. Wata 'yar jarida, Jessica Bruder, ta bi su ta rubuta littafi mai suna Nomadland a 2017, aka yi fim da shi, ya ci babbar kyautar Oscar a 2021. Dattijuwa mai shekara sittin da wani abu, ita kaɗai a mota cikin sanyi, wallahi abin yana taɓa ni. In kun ga bidiyon matasa suna shan shayi a bakin tafki, ku tuna akwai waɗannan ma.

To, ga tambayar nan kuma. Daga Sakkwato, daga Gwambe, har daga Kumasi: a juya mana kuɗin nan zuwa naira, a juya zuwa sidi. Haba jama'a! Duk mako sai mun yi wannan magana. Canji yau daban gobe daban, in na faɗa yanzu kafin a maimaita shirin ya tsufa. Ku leƙa kasuwar canji ta Wapa ko wurin ɗan canjin garinku. Kuma juyin ma ruɗar da ku zai yi, don mai kashe dala, dala yake samu.

Wata 'yar'uwa daga Garwa a Kamaru ta yi tambaya mai ma'ana. Ta ce mutumin da kullum yake hanya, ina yake samun kuɗi, kuma ina adireshinsa? Wasu fansho, wasu aiki ta kwamfuta. Wasu sukan karɓi aikin kula da zango, su share, su tarbi baƙi, a ba su wurin tsayawa kyauta, wanda kin ga ya sauke musu babban kaya. Akwai aikin kaka a jihohin North Dakota da Minnesota a watan Oktoba, lokacin girbin wani rogo-rogo da suke yin sukari da shi, awa 12 a tsaye cikin sanyi. Kamfanin Amazon ma ya yi shekaru yana ɗaukar irinsu aiki a rumbunansa gab da Kirsimeti. Adireshi kuwa, da yawa sukan yi rajista a South Dakota ko Texas ko Florida, saboda jihohin nan uku ba sa karɓar harajin albashi na jiha. Akwai ƙungiyar Escapees a garin Livingston na Texas da ke karɓar wa mambobinta wasiƙu ta tura musu duk inda suke.

Amma 'yar'uwa, abin da ya fi adireshi wuya shi ne asibiti. Wanda ya kai shekara 65 yana da inshorar gwamnati ta Medicare. Wanda bai kai ba shi zai nemi tasa, kuma da yawa daga cikinsu a yankin da aka yi rajista kaɗai suke aiki sosai, in ba larurar gaggawa ba. Mutum ya yi rajista a Texas ciwo ya kama shi a Montana, lissafin shekara guda yana iya rushewa a mako ɗaya. Duk kasafin da bai sa wannan a ciki ba, ni ban ɗauke shi kasafi ba.

Wani daga Zariya yana tambaya ko mai irin wannan rayuwa zai riƙa yin ƙasaru kullum. Wannan ta malamai ce, ka kai ta filin fatawa.

Wani Alhaji daga Maraɗi ya ce matansa biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya, wace iri ce za ta ɗauke su? Alhaji, ranka ya daɗe, kicin ɗin nan mutum biyu ba sa iya juyawa a ciki, balle a yi rabon girki. Ka riƙe gidanka da kyau, Allah ya ƙara zaman lafiya.

Masu neman in faɗa musu yadda za su sami bizar Amurka su je su yi wannan yawo, kun sake yawa a wannan mako. Ba ma ba da biza a nan, kuma duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya samo muku, ku riƙe aljihunku.

Ta ƙarshe, don ana ɗaga mini hannu. Wani saurayi daga Jos ya ce yana so ya gyara tsohuwar bas ya yi irin haka a Najeriya. Samari, gyaran ba zai gagari maƙeranmu da kafintocinmu ba. Amma zangon da za ka jona wuta da ruwa babu shi, halin hanyoyi da tsaro kuma ka fi ni sani. In ka ƙera, ka yi tafiyar rana da ita, dare ya same ka a cikin gari, wurin mutanen da suka san ka.

Lokaci ya ƙwace mana, ga sauran wasiƙu ban buɗe ba, za mu ɗora a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Masu aiko da saƙo, don Allah ku riƙa rubuta garinku, kuma tambaya ɗaya a saƙo ɗaya, don kowa ya samu shiga. A huta lafiya.