Farar Wuta: Ƙalubalen Tatso Mai Daga Dutse

JOS — Mai injin niƙa a Daɗin Kowa da ya sayi man gas ba ya tambayar yawan farar wutar da ke ciki, alhali kuwa ita ce ke cin ƙarfen inji, ta kuma ɓata iskar da ake shaƙa. Wannan ne ya sa ƙungiyar ECOWAS ta tsai da shawara a 2020 cewa kada ta wuce kashi 50 cikin miliyan a man da ake shigo da shi.

Duk mai son zuba jari a dutsen mai, wato dutse mai falle-falle irin wanda masana suka samu a Lokpanta ta Jihar Abiya, garin da fataken shanu suka sani, tilas ya yi la'akari da wannan ƙa'ida. Shi dutsen ba ruwan mai ne a cikinsa ba; wani daskararren abu ne da ake kira kerojin. Sai an gasa shi a rufaffiyar tukunya, ba iska, zafi ya kai kimanin digiri 500, sa'annan ya saki tururin da ke zama mai.

A nan ne farar wutar ke rabuwa gida uku. Wadda ke haɗe da ƙarfe, wato fairait, takan saki iska mai guba, mai ɗoyin ɓaragurbi. Wadda ke jikin kerojin takan bi man, kuma ita ce mai cin kuɗi, domin ba ta fita sai matata ta yi aiki da haidirojin. Man dutsen ƙasar Jodan yakan ɗauki kashi 8 zuwa 10 cikin 100, ga shi ɗanyen Bonny Light na Nijeriya bai kai kashi 0.2 ba. Ragowar kuwa tana zama a cikin gasasshen dutsen.

Idan aka ƙona dutsen don samar da lantarki, lissafin ya sauya. Farar ƙasar da ke cikinsa takan kama hayaƙin farar wutar a zafin digiri 800 zuwa 850, ta riƙe shi cikin toka. Da wannan dabara tashoshin Narva na Istoniya suka rage hayaƙinsu daga 2004, Jodan ma ta bi sahu a tashar Attarat.

Saboda haka, kafin a yi maganar gangar mai nawa tan ɗaya zai bayar, sai a fara auna irin farar wutar da ke cikin dutsen, da yawan farar ƙasar da ke tare da ita.