Darasi: Aikin Tsaron Daji, Jiya da Yau

Darasinmu na wannan karo a kan ma'aikacin gandun daji ne. Ka san shi, mai kakin nan da ke ratsa gonaki yana duban itatuwa. Watakila kakanka ya taɓa ɓoye gatari da ya hango shi. To, karanta a hankali, ka ga yadda aikinsa ya sake, ka kuma ga naka rabon a ciki.

1. Zamanin sarakuna

Tun kafin zuwan Nasara akwai tsaron itace a ƙasarmu. A Damagaram har yanzu ana ba da labarin Sarki Tanimun, wanda ya hana saran gawo, ya sa hukunci mai tsanani a kan wanda ya taɓa shi. Dalili a fili yake. Gawo yana zubar da ganye da damana, saboda haka ba ya rufe hatsi da inuwa. Ganyen ya zama taki. Da rani kuwa ya yi kore, dabbobi su ci ƴaƴansa.

2. Zamanin tara

A 1935 Faransawa suka kafa dokar daji a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunsu. Aka keɓe wasu dazuzzuka, aka hana saran wasu itatuwa sai da takarda. Bayan mulkin kai, dokar 1974 ta bi wannan sawu. Babban aikin ma'aikaci a lokacin shi ne sintiri, da kame, da cin tara.

Me wannan ya haifar? Manomi ya ga icce a gonarsa ba nasa ba ne, abin jawo masa tara ne. Sai ya riƙa tuge shi tun yana ƙarami. Da farin 1973 ya zo, na 1984 ya biyo baya, gonaki da yawa sun zama fili fetal. Iska ta riƙa binne shuka da rairayi, mutum ya yi shuka sau biyu, sau uku. Mata su yi tafiya mai nisa neman iccen girki.

3. Zamanin dashe

Sai ma'aikata suka koma renon ƴan itatuwa ana dasawa. A 1975 aka soma dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, cikin jihar Tawa, don tare iska, kuma aikin ya yi kyau. Amma a wurare da yawa dashen ya mutu. Ba ruwa, awaki sun ci, kuma ba mai cewa nawa ne. A 1984 aka yi babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada, aka yarda cewa wannan yaƙi ba ya yiwuwa sai da talakawa.

4. Zamanin shawara

Wajen 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura a yankin Maraɗi cewa ƴan tsiron da ake sassabewa kowace shekara itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana nan a ƙasa. Shi da manoma suka gwada rena su. Wannan shi ne sassaben zamani. Daga baya masu bincike suka ƙiyasta cewa ya game hekta wajen miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, yawanci a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Doka ma ta sake. A 1992 aka ba ƙauyuka damar kafa kasuwannin itace, su sara bisa tsari, su ci moriya. A 2004 aka yi sabuwar dokar daji. A 2020 gwamnati ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan iccen da ya rena a gonarsa. Ma'aikacin yau yana nan da ikon hukunta ɓarna, amma ya ƙara da koyarwa, da awon daji, da shirya yaƙi da wutar daji. Rabin aikin tsaro ya dawo hannunka.

5. Abin da za ka yi bana

Lokacin sharar gona, kada ka share komai ƙarƙaf. Nemi kututturan kalgo, sabara, magarya, aduwa da gawo.

A kowane kututture zaɓi tsiro 3 zuwa 5 masu ƙarfi, mi�aƙƙu. Yanke sauran.

Rage rassan ƙasa da adda mai kaifi. Ka sara daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawon ya yage.

Ɗaura ƙyalle a jikin wanda ka bari, kowa ya san yana da mai shi.

Ku yi magana da maigari, da makiyaya, da mata masu neman icce, ku sa dokar gari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gawo yana cikin itatuwan da doka ta kare. In kana da bukatar sare shi, je ka ga ma'aikacin daji tukuna.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ya sa manoman da suke tuge ƙananan itatuwa?
2. Wane amfani gawo ke yi wa hatsi?
3. Kututture nawa ka ƙirga a gonarka?

Ku rubuto mana amsa da hannunku. Allah ya ba mu damana mai albarka.