RENON JARIRI DAGA HAIHUWA ZUWA WATA SHIDA

An shirya wannan darasi domin hakimai da malamansu, su karanta, su bayyana wa dagatai da masu unguwa, su kuwa su kai shi cikin gidaje. Dalili shi ne, mace mai haihuwar fari ba safai ta ke da ta cewa a kan ɗanta ba. Takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, ga kuma kunyar ɗan fari, saboda haka kaka da ungozoma su ke yanke shawara. In maganar ba ta kai gare su ba, uwa ba za ta sami ikon aiki da ita ba.

1. Nonon fari. Da an haifi yaro, a goge shi, a kwantar da shi bisa ƙirjin uwarsa, a lulluɓe su da zane, a sa shi a nono kafin sa'a guda ta cika. A wurare da yawa akan tatse dakashi a zubar, wai ba shi da kyau. Wannan hasara ce babba, gama dakashi yana ɗauke da abin da ke tsare jariri daga cututtuka.

2. Riƙon jariri. Uwa ta juyo da cikinsa jikin nata, ta tallafe wuyansa, ta jira ya buɗe baki sosai, haɓarsa tana taɓa nono. Kadan kan nono kaɗai ya kama, uwa za ta ji zafi, shi kuma ba zai ƙoshi ba. Ya sha aƙalla sau 8 tsakanin dare da rana.

3. Ruwa. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shayar da jariri nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba kunu, ba madarar dabba. Mutane sukan ce, yaya yaro zai yi da ƙishirwa cikin bazara? Amsa ita ce, fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Ruwan da aka ɗura masa yakan cika ɗan cikinsa ya rage tsotso, in tsotso ya ragu nono ya ragu, sa'an nan ruwan yakan kawo zawo. Uwa ita ce za ta sha ruwa da yawa, ta ci abinci mai kyau.

4. Cibiya. A yanke ta da sabuwar reza, da hannu wankakke. Kada a sa mata toka, ko ƙasa, ko kashin shanu, domin ta nan ciwon sandarewa, watau tetanus, ke shiga. Maganin da aka bayar a asibiti shi kaɗai za a shafa. Cire beli ma a bar shi, yana jawo zubar jini.

5. Alamun haɗari. In jariri ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko numfashinsa ya yi sauri, ko ya yi jijjiga, ko idonsa ya yi rawaya, ko maɗigarsa ta faɗa, a kai shi asibiti nan da nan, kada a jira ranar suna.

6. Riga-kafi. Ana fara shi tun haihuwa da na tarin fuka, da shan inna, da ciwon hanta. Sa'an nan a koma a mako na 6, da na 10, da na 14, na ƙyanda kuwa sai wata 9. Uwa ta adana katin, ta riƙa kwana da ɗanta cikin gidan sauro.

Abin da a ke roƙon kowane hakimi shi ne, ya tara ungozomomi da wanzaman ƙasarsa a karanta musu wannan takarda. Malaminsa kuma ya rubuta kowace haihuwa da dagaci ya kawo labarinta, ya tambaya ko an kai yaron riga-kafi. Mai gida kuwa a tuna masa, izinin zuwa asibiti da kuɗin hanya suna wuyansa.