Matsayin Ilimi a Ra'ayoyin Masana Kan Kamfanonin Ƙasa da Ƙasa

Kamfanin ƙasa da ƙasa shi ne wanda ya mallaki rassa ko masana'antu a ƙasa fiye da ɗaya. Tambayar da masana suka daɗe suna tofa albarkacin bakinsu a kai ita ce: me zai sa kamfani ya ɗauki wahalar kafa reshe a baƙuwar ƙasa, alhali yana iya sayar wa 'yan ƙasar kayansa ya huta?

A shekarar 1960 Stephen Hymer ya nuna cewa baƙo ba ya iya gogayya da ɗan gari sai in yana riƙe da wani fifiko. Buckley da Casson, a 1976, suka ce fifikon nan sau da yawa ilimi ne, shi kuwa ilimi yana da wuyar ciniki: mai saye ba zai san darajarsa ba sai ya gani, in ya gani kuwa ba ya bukatar biya. A 1977 Johanson na Jami'ar Uppsala a Suwidin da Vahlne suka ƙara da cewa kamfani koyo yake yi sannu a hankali, ya fara da maƙwabta, ya yi amfani da wakili, kafin ya kafa reshe. Sai dai ra'ayin da ya fi shafar darasinmu shi ne na Kogut da Zander, na 1993. A ganinsu akwai ilimin da ba ya rubutuwa, sai an zauna tare ake ɗaukarsa, don haka ya fi saurin tafiya tsakanin 'yan gida ɗaya ko da iyakar ƙasa ta raba su.

Ɗalibin da ya san tarihin Katsina ba zai ji wannan bayani baƙo ba. Tun kafin jihadi birnin ya kasance matattarar fatake, inda 'yan kasuwar Gadamas daga hamada ke haɗuwa da masu zuwa Gwanja sayen goro. A duba ayarin goro. Madugu ya san sarakunan da ke kan hanya da abin da kowanne ke karɓa, jagaba ya san mashigin kogi da zangon da ke da ruwa. Shi kansa goron, sai wanda ya goge ya san lokacin da za a kwance huhu a yayyafa ruwa, a tsince mai sankara kafin ya ɓata saura. Babu littafin da ya ƙunshi wannan. Yaro yakan yi shekaru yana bin maigidansa kafin a ba shi jari, kuma idan attajiri yana son wakili a Salaga, ɗansa ko yaron gidansa yake turawa. A nan ya kamata a yi hattara: gidan attajiri ba kamfani ba ne a ma'anar shari'a ta yau, amma dalilin riƙe ilimi a cikin gida ɗaya ne.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa sun zo da jari da kasuwar Turai, amma ba su san ƙauyukan da ake noman gyaɗa ba, ba su kuma san wanda za a ba bashi ya biya ba. Dole suka jingina da tsofaffin fataken goro, irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955. Wannan ya dace da bayanin Uppsala: wakili tukuna, reshe daga baya.

Jinga: Ka ziyarci wani dillali a kasuwar garinku, ka rubuta abubuwa uku da ya sani game da sana'arsa waɗanda a wajen maigidansa kaɗai ya koye su.