Darasi A Kan Sabulun Ruwa Na Wanke Gashi

Maigida da uwargida, ku saurara. Yanzu ko a kasuwar ƙauye ana sayar da sabulun ruwa na wanke gashi, wanda ake kira shamfu. Mata suna wanke kai da shi kafin kitso, har yara ma ana wanke musu. Saboda haka ya kamata ku san abin da ke cikinsa.

Abin da ke sa kumfa

A cikin waɗansu irin sabulun nan akwai wani haɗi da ake rubuta sunansa Cocamide DEA a jikin kwalba. Daga man kwakwar Attagara ake yinsa, a haɗa shi da wani sinadari, wato shi DEA ɗin. Aikinsa biyu ne: ya sa kumfa ta yi yawa, ya kuma sa sabulun ya yi kauri. Kada wannan ya ruɗe ku. Yawan kumfa da kauri ba su ne alamar sabulu mai kyau ba.

Abin da masana suka gani

A ƙasar Amurka masana sun yi ta shafa wa ƙananan ɓeraye haɗin nan a fata, kwana 5 a kowane mako, har shekara 2. Sai suka ga ƙari a hanta da ƙoda ya fi yawa ga waɗanda aka shafa wa. Sun danganta wannan da ragowar DEA da kan saura cikin haɗin.

A 2011 masanan ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka taru a birnin Liyon na Faransa, suka sa haɗin cikin jerin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo ciwon daji. A 2012 kuma Jihar Kalifoniya ta Amurka ta sa shi cikin abubuwan da ake yi wa mai saye gargaɗi a kansu.

Amma ku lura da kyau. Shaidar nan daga ɓeraye aka samo ta, ba a tabbatar da ita ga mutum ba. Su ɓerayen an bar musu shi a fata, ku kuwa kuna ɗaurayewa nan da nan. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce ba ta ga dalilin firgita ba. Cutar da ta fi kusa da ku ita ce yajin ido, da ƙaiƙayi ko ƙuraje ga mai fatar da ba ta jure shi. Duk da haka, tun da akwai sabulun da babu shi a ciki, zaɓensa ya fi.

Abin da za ku yi

1. Kafin ku saya, ku sa ɗan makaranta ya duba rubutun kwalba. In akwai DEA, ku nemi wani iri.

2. Ku duba lambar hukumar NAFDAC da ranar da sabulun zai lalace. Kada ku sayi wanda aka ɗura a kwalba marar suna, gama ba wanda ya san abin da aka zuba.

3. Kaɗan ya isa. Ku cuɗa, ku ɗauraye sosai da ruwa mai tsabta.

4. In ya shiga idon yaro, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa.

5. Kada ku sa shi a kan mai gyambo ko makero. Ku kai shi asibiti.

6. Ku ajiye kwalba inda hannun yara ba ya kai.

In kai ya yi ƙaiƙayi bayan wanki, ku daina amfani da sabulun, ku tafi da kwalbar wurin malamin asibiti ya gani. Rigakafi ya fi magani. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan takarda.