Kayan Yaƙin Mutanen Viking

A cikin littattafan tarihin Ingila da mu ke karantawa, da wuya a buɗe babin mutanen Viking ba a tarar da surar wani ƙato mai gemu ba, sanye da kwalkwali mai ƙaho biyu kamar na sa. Da ya ke nan gaba kaɗan mu ne za mu tsaya gaban yara da alli, ya kamata mu san gaskiyar al'amarin tukuna, don abin da yaro ya gani a hoto ya fi abin da malam ya faɗa zama a ransa.

Mutanen nan daga Norwe da Danmak da Suwidin su ke. A shekarar 793 suka faɗa wa gidan ibada na tsibirin Lindisfarne, suka kwashe dukiyarsa, tun daga ran nan kuwa gaɓar Ingila ba ta huta ba har kusan shekara 270.

To, batun ƙahon nan ba shi da tushe. Kwalkwalinsu da aka tono a Gjermundbu ta ƙasar Norwe a 1943 kwano ne na baƙin ƙarfe, da wani abin tsare idanu kamar tabarau, ba ƙaho ko ɗaya. Masu zane da masu ɗinka kayan wasan kwaikwayo na Jamus, wajen 1876, su suka yaɗa shi. Ko da hankali ma, wa zai ɗora wa kansa abin da takobin abokin gaba zai maƙale a kai?

Takobi kuwa ba na kowa ba ne. Mai kaifi biyu ne, tsawonsa kamar ƙafa 3, mafi kyawunsu kuma daga maƙeran ƙasar Faransawan dā a ke sayo su. Haka nan sulke, sai manya, kamar yadda a wajenmu ba kowane dakare ke samunsa ba. Talaka mashi ya ke riƙewa, ko gatarin da ya ke faskare da shi a gida. Amma garkuwa kowa na da ita, a nan kuwa ƙarfinsu ya ke. Ba ta fata ba ce irin tamu. Ta katako ce, kewayayya, faɗinta kamar ƙafa 3, da ƙoƙon ƙarfe a tsakiya mai tsare hannu. In an ja daga sai su jeru kafaɗa da kafaɗa, garkuwar wannan ta hau gefen ta wancan, su zama bango. Na sahun baya su riƙa zura masu ta bisa kafaɗun na gaba. Muddin bangon na tsaye ba a cika mutuwa ba. In ya tsage, mutane suka ba da baya, a nan a ke kisa. Sukan kama dawaki don sauri, amma in an zo gwabzawa sai su sauka, a ƙasa su ke yaƙi. Wannan ya saɓa wa yaƙin ƙasar Hausa, inda barade masu lifidi su ne ƙashin bayan runduna.

A ganinmu dai babban makaminsu jirgi ne. Wanda aka tono a Gokstad a 1880 tsawonsa ya ɗara ƙafa 76, da gurbin matuƙa 16 a kowane gefe, an kuma same shi da garkuwoyi jere a gefunansa, baƙa bi rawaya. Irinsa ba ya bukatar ruwa mai zurfi, saboda haka ya kan sauka a kan rairayi, ya kuma shiga kogi. Kafin sarkin ƙasa ya tara mayaƙa sun gama ɓarna sun koma ruwa. Ta kogin Seine suka kai Paris a 845, har Sarki Charles ya biya su azurfa mai nauyin laba 7,000 don su tafi. Sarki Alfred, bayan ya ci su a Edington a 878, ya gane maganin abin, ya gina garuruwa masu ganuwa ko'ina cikin ƙasarsa, ya kuma sa aka sassaƙa jirage.

Ƙarshen zamaninsu a kan ɗauke shi daga yaƙin Stamford Bridge, ran 25 ga Satumba 1066. Sarkin Norwe, Harald Hardrada, ya zo da jirage kimanin 300, ya ci yaƙi ɗaya kusa da York, ya saki jiki. Marubutan ƙasarsu sun ce ranar an yi zafi, mutanensa suka bar sulkensu a jirage. Sarkin Ingila, Harold, ya taho daga kudu da gaggawa ya auka musu ba zato. Suka kafa bangon garkuwa, aka wuni ana gwabzawa, har ya tsage. Aka kashe Hardrada, waɗanda suka tsira kuwa jirage 24 suka ishe su komawa gida.