Ku Kalli Roka, Amma Ku Bi Labarin Har Ƙarshe

'Ya'yana da jikokina na Tambuwal da Kebbe, da na Dogon Daji da Sanyinna da Jabo da Kuchi.

Na lura da wani sabon abu da ya shiga ranku. A shagon mai cajin waya, ko a gindin bishiya bayan la'asar, sai ka ga kawuna sun haɗu a kan waya ɗaya, ana ƙirgawa daga goma zuwa ɗaya, wuta ta tashi a gindin roka, hayaƙi ya turnuƙe, kowa ya riƙe numfashi. Wasu iyaye suna cewa ɓarnar kati ce. Ni ban ga laifinku ba. Yaron da ke tambayar yadda ƙarfe mai nauyin ɗaruruwan tan yake barin ƙasa ya fi kwanta mini a rai a kan wanda ya kwana yana zagin mutane a Facebook. Gyaran da nake so ku yi ɗaya ne. Bidiyon da ya fi yawo a tsakaninku na fashewa ne, a yi shewa a ce ta tarwatse, a wuce na gaba. Alhali kuwa washegarin fashewar ne ainihin karatun yake farawa, lokacin da injiniyoyi suka zauna suna tambayar me ya jawo.

Bari mu fara da namu na gida, don da yawanku ba ku san Najeriya tana da hannu a wannan harka ba. An kafa hukumar NASRDA mai kula da binciken sararin samaniya a 1999. A watan Satumba na 2003 aka harba tauraron ɗan'adam na farko na ƙasar nan, NigeriaSat-1, daga Plesetsk a Rasha, bayan an ƙera shi a Ingila. A watan Mayu na 2007 aka harba na sadarwa, NigComSat-1, daga Xichang a ƙasar Sin, da niyyar ya yi shekara 15 yana aiki. Roka ta kai shi lafiya. Amma a watan Nuwamba na 2008 farantan solarsa suka daina ba shi wuta, ya mutu yana da wata 18 kacal. Manyanku za su tuna irin ba'ar da aka yi a lokacin, har ana cewa tauraron ya ɓace a sama. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne an sa masa inshora, kuma ranar 19 ga Disamba, 2011 aka harba madadinsa, NigComSat-1R, wanda ya hau can nisan kusan kilomita 36,000 ya kama aiki. A watan Agusta na wannan shekarar ma an harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, kuma na biyun injiniyoyin Najeriya ne suka haɗa shi da hannunsu a wurin da suka je horo a Ingila. Wanda ya tsaya a dariyar 2008 bai ji ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Ita kanta rokar da ta ɗauki taurarinmu biyu na sadarwa, Long March 3B, tashinta na farko masifa ce. A watan Fabrairu na 1996 ta karkace tana barin dandamali, ta faɗa kusa da wani ƙauye, hukumomin Sin suka ce mutum 6 sun rasu. An bi diddigi aka gano matsalar tana cikin na'urar da ke gaya wa roka inda ta dosa, aka gyara. Bayan shekara 11 irinta ce ta ɗauki kayan Najeriya ta kai inda aka aike ta.

Labarin da nake so ya zauna muku a zuciya shi ne na kumbon Challenger na Amurka. Ranar 28 ga Janairu, 1986 ya tashi daga Fulorida da mutum bakwai, cikinsu har da wata malamar makaranta, Christa McAuliffe, ɗalibai kuma suna kallo a talabijin. Daƙiƙa 73 da tashi ya wargaje, ba wanda ya tsira. Me ya jawo? Zoben roba. Duk wanda ya taɓa kwance injin ban ruwa a fadama ya san irin wannan zobe da ake sawa a mahaɗa don ya toshe yoyo, ya kuma san yadda roba ke ƙagewa idan sanyin hunturu ya kama ta. To, haka ta faru. An kwana ana tsananin sanyi, zoben da ke mahaɗar rokar gefe ya ƙage ya kasa toshewa, wuta ta sami ƙofa. Abin da ke sa ni jimami har yau shi ne akwai waɗanda suka hango. A daren jajibirin tashin, injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokar gefen, cikinsu har da Roger Boisjoly, sun ce a dakata sai sanyi ya ragu. Manya suka ƙi. An riga an ɗage tashin a baya, ana jin kunyar sake ɗagewa, kuma irin wannan kumbo ya tashi sau 24 ya dawo lafiya, ko da yake a wasu tafiye-tafiyen an ga alamar ƙuna a zoben. Dawowa lafiyar da aka sha yi ita ce ta rufe musu ido. Daga baya, a gaban kwamitin bincike, masanin kimiyya Richard Feynman ya matse guntun robar ya tsoma a ruwan ƙanƙara, ya ciro ya nuna wa duniya ba ta komawa yadda take. Sai a watan Satumba na 1988 irin wannan kumbo ya sake tashi. A 2003 kuma kumbon Columbia ya wargaje a hanyar dawowa da wasu mutum bakwai, saboda wani ɓallin soso da ya bugi fiffikensa tun wajen tashi, shi ma abu ne da aka saba gani ana ƙyalewa.

Saboda haka idan kun zauna jiran harbi aka ce an ɗage saboda iska ko wata na'ura ta nuna alama, kada ku yi tsaki ku ce an ci muku kati a banza. Wani ne ya ce a dakata aka kuma saurare shi. A wurina wannan ranar nasara ce.

Idan kuna gardamar wace roka ta fi aminci, ku tambayi sau nawa ta tashi, sau nawa ta gaza, kuma me aka yi bayan gazawar. Rokar farko ta kamfanin SpaceX, Falcon 1, ta faɗi sau uku a jere kafin ta kai a karo na huɗu a watan Satumba na 2008. Falcon 9 da kuke gani tana saukowa a tsaye ta fashe a sama a 2015, ta ƙone a dandamali a 2016 tare da tauraron da Facebook ya so ya kawo intanet Afirka da shi, amma a 2024 kaɗai ta tashi fiye da sau 130. Ku kuma bambance gwaji da aiki: rokar Starship ta SpaceX da ta tarwatse a watan Afrilu na 2023 ba kowa a cikinta, gwada ta ake yi. Kuma mai hankali yakan yi tanadin ranar da abu zai ƙi. A watan Oktoba na 2018 rokar Soyuz ta Rasha ta sami matsala kusan minti biyu da tashi, na'urar ceto ta fizge ɗakin da 'yan sama jannati biyu suke ciki, suka sauko da lema da ransu.

Na san wani zai ce ai komai ƙaddara ne. Gaskiya ne, ba abin da ke faruwa sai da izinin Allah, kuma ajali ba ya jinkiri. Amma malamanmu na Sakkwato sun karantar da mu cewa tawakkali yana tafiya tare da riƙon sababi. Wanda aka nuna masa zobe ya lalace ya ce a tafi haka, sakaci ya yi, kuma za a tambaye shi.

Nan ne maganar ta dawo kanku. Cikinku akwai bakanike, akwai mai haɗa sola, akwai ɗan kabu-kabu, akwai mai koyon aikin asibiti. Kalmar nan da muke yawan ji, "ai kullum haka muke yi, ba abin da ya faru", ita ce ta kashe mutanen Challenger. Idan ka ga birki ya fara sanyi, ka tsaya ka gyara ko fasinja na jira. Idan kai ne yaron shago ka ga waya ta zare, ka faɗa wa maigidanka cikin ladabi, ka kuma maimaita in bai ji ba. Ranar da ka zama maigida, yaronka ya ce maka a dakata, ka ajiye girman kai ka je ka duba.

Sauran 'yan ƙananan abubuwa. Muna gaban Fulorida da awa biyar ko shida, don haka harbin da aka sa da yammarsu tsakar dare yake zuwa mana; kada roka ta sa ku makara sallar asuba, bidiyon yana nan da safe. Kada ku tura hoton da ba ku tabbatar da asalinsa ba, yanzu kwamfuta na ƙirƙiro abin da bai faru ba. In kuma bayan magariba kuka ga jerin haske yana tafiya a layi ɗaya a sama, tsofaffi suka tsorata, ku yi musu bayani a hankali ba tare da raini ba: sababbin taurarin Starlink ne da ba su gama rarrabuwa ba, na kamfanin da ya fara sayar da intanet a Najeriya a farkon 2023.

Wanda kuma abin ya kama zuciyarsa da gaske, namiji ko mace, ya riƙe lissafi da kimiyya da kyau tun daga sakandare. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana Sakkwato, ta kimiyya da fasaha tana nan Aliero kusa da mu. Jami'ar fasaha ta Akure ta sa hannu aka haɗa ƙaramin tauraro, NigeriaEduSat-1, tare da wata jami'a a Japan, aka harba shi a 2017 a kan Falcon 9. Ina roƙonku, a harbi na gaba da za ku kalla, ku sami littafi ku rubuta sunan rokar da abin da ta ɗauka da yadda ta ƙare, in ta gaza ku bi labarin har ku ji sakamakon bincike, sannan ku kai wa malaminku na kimiyya ku tattauna a aji. Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare mana ku.